Me ke tara dodon koɗin teku wuri ɗaya idan ruwa ya janye?

Malamar_Zango ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandare a Takoradi, kuma ina so in ba ɗalibaina aikin fili a kan duwatsun bakin teku. Abin da nake so su duba shi ne ƙananan dodannin koɗin nan da ke manne a can saman dutse, inda ruwa ba ya kaiwa sai ya ciko sosai. Idan ruwa ya janye sai a tarar da su a cunkushe, goma, ashirin, wani lokaci fiye, duk a tsaga ɗaya, alhali ga wata tsagar a gefe, iri ɗaya sak, babu ko guda. A kan dutse mai santsi kuma ana ganin siraran layuka masu ƙyalli, har a ga wani yana tafiya daidai kan layin da wani ya bari.

Tambayata uku ce. Da gangan suke bin sawun juna, ko dai hanya ce ta haɗa su? Me suke samu a wannan cunkoso? Sannan wane gwaji ne yara 'yan shekara 15 zuwa 16 za su iya yi da kayan da ba su fi ƙarfin makaranta ba, wanda sakamakonsa zai tsaya da ƙafarsa? Allah Ya saka da alheri.

Ɗan_Gaɓa ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai a san wanda ake magana a kansa, domin a gaɓar Ghana dutse ɗaya kan ɗauki iri uku ko fiye, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Na can sama, ƙanana masu tsinin baya da ba su cika wuce girman ƙwayar wake ba, 'yan jinsin Echinolittorina ne, daga dangin Littorinidae. Ƙasa da su kaɗan akwai Nerita senegalensis, baƙi, mai dunƙulallen baya, bakin ƙwaryarsa kamar rabin wata, murfinsa mai tauri. Sai masu kama da 'yar malfa da aka kife, irin su Siphonaria, waɗanda kowa da gurbinsa. Kada yara su haɗa su a lissafi ɗaya. Shi kuwa mai doguwar ƙwarya da ake sayarwa a kasuwannin kudancin Najeriya ana zubawa a miya, Tympanotonus ne, ɗan taɓon bakin kogi, ba ya cikin wannan zance.

Layin da kike gani yauƙi ne da tafin ƙafarsa ke fitarwa. Dodon koɗi ba ya ɗaga ƙafa, kuma ba ya taka dutse kai tsaye, a kan yauƙin yake tafiya. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yauƙin ruwa ne, saura furotin da sukari a sarƙe da juna. Mark Denny ya auna shi a 1980 a jikin wani dodon tudu marar ƙwarya na yammacin Amurka, ya ga shimfiɗar ba ta wuce maikromita 10 zuwa 20 ba, wato ko kaurin gashin kai ba ta kai ba. Abin mamakinsa shi ne hali biyu da yake da su: idan ba a matsa masa ba yana riƙewa kamar gam, idan aka ja shi da ƙarfi sai ya saki ya zama kamar ruwa, da an bar shi kuma ya sake kamawa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Saboda haka sashen ƙafar da ke motsi yana zamewa, sashen da ke tsaye yana riƙe da dutse. Ki ɗora ɗan Littorinidae a kan gilashi ki leƙa ta ƙasa, za ki ga ƙafar a rabe biyu ta tsawo, dama ta matsa, hagu ta biyo.

To wannan tafiya tana da tsada. Duk inda ya taka sai ya bar wani abu na jikinsa a baya, kuma lissafin Denny ya nuna cewa irin wannan rarrafe ya fi gudu da iyo da tashi cin ƙarfi. A nan ne bin sawu ya fara yin ma'ana. A 2007 Mark Davies da Janine Blackwell a Ingila suka auna kaurin sawun Littorina littorea, suka ga wanda ya bi sabon sawun ɗan'uwansa yana zuba kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yauƙin da na farko ya zuba. Idan sawun ya tsufa ya zaizaye, mai bi yakan ƙara yawan abin da yake zubawa don ya cike gurbin. Na farko ya yi sharar hanya, na baya ya sha daɗi.

Akwai abinci kuma. Yauƙi yana da danƙo, idan ruwa ya rufe shi sai ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ke yawo su manne masa. Dodon da ya biyo baya yana tafiya yana kankarar su da harshensa, wanda yake kamar magagari, jere da ɗaruruwan 'yan haƙora. Sawun ba ya ɓacewa da cikowar ruwa ɗaya, yakan yi kwanaki a kan dutse, na wasu iri har makonni.

Sai neman mace. A Littorina littorea da Littorina fabalis, namiji yana bambance sawun mace da na namiji, kuma na macen yake zaɓa. Kerstin Johannesson da abokan aikinta a Suwidin sun gano wani abu da ya saɓa wa haka a Littorina saxatilis: matan ba sa barin alamar jinsinsu a yauƙi, don haka mazan suna ɓata lokaci a bin sawun maza 'yan'uwansu kamar yadda suke bin na mata. Fassarar da suka ba abin ita ce wannan iri yana zama a cunkushe, mazan suna damun matan da yawan barbara, har ana samun mace ɗaya da 'ya'yan ubanni kusan 20 a cikinta, ɓoye kai ya fi mata sauƙi.

Na ƙarshe komawa gida. Masu kama da malfa suna da gurbi a dutse wanda bakin ƙwaryarsu ya zauna a ciki daram, suna fita kiwo su dawo cikinsa, kuma da yawansu sawun kansu suke bi su dawo. Masu bincike 'yan Italiya sun ga makamancin haka a Nerita textilis a gaɓar Somaliya, inda sawu ke mayar da su wurin taruwarsu bayan kiwo.

Da 'yan ƙahonin nan biyu na kansa dodon koɗi yake karanta sawu, yana tafiya yana taɓa dutse da su. Ba 'yan'uwa kaɗai ke karantawa ba: Navanax, wani maharbin dodon teku na gaɓar Kalifoniya, sawun abin farautarsa yake bi har ya cim masa.

Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce e, suna bi, an tabbatar. Amma ganin biyu a layi ɗaya a kan dutse ba hujja ba ce, domin gangare da laima da 'yar kwarin dutse suna iya kai su hanya ɗaya ko da babu yauƙi.

Mai_Sikeli ta amsa:

Malam Ɗan_Gaɓa ya gama da sawu. Bari in ɗauki taruwar, don a nan ne littattafan makaranta suke saurin yanke hukunci.

Ki fara da lokacin motsinsu. Na saman dutse ba sa tafiya a busasshen wuri, kuma ba sa son nutsewa. Suna farkawa idan feshin igiyar ruwa ya jiƙa su, su hau sama gaban ruwa yana cikowa, su yi kiwo a inda dutse yake da laima, su biyo ruwa ƙasa idan ya fara janyewa. Da dutse ya fara bushewa dole kowa ya tsaya. Duk zancen taruwa yana cikin wannan ɗan lokaci ne: a ina kowa zai tsaya?

Richard Stafford da Mark Davies da Gray Williams sun gwada wannan a kwamfuta a 2007, bisa Echinolittorina na duwatsun Hong Kong. Suka ƙirƙiri dodanni na bogi da ba su san komai ba sai 'yan ƙa'idoji: idan ka haɗu da sawu kana iya binsa, idan ka haɗu da tsaga kana iya tsayawa, idan ka ci karo da ɗan'uwa kana iya tsayawa, kuma gwargwadon bushewar dutse gwargwadon saurin amincewarka da tsayawa. Babu shugaba, babu kira, babu wanda ya san inda sauran suke. Duk da haka tarin da suka fito a kwamfuta sun yi kama da na kan dutse.

Wannan shi ne amsar tsaga biyu iri ɗaya, ɗaya cike ɗaya wayam. Kamar burtali ne. Ba wanda ya zana shi, shanun farko sun bi, na baya suka ga wurin ya fi sauƙin takawa, ya zama hanya. Dodo ɗaya ya faɗa tsagar hagu bisa sa'a. Sawunsa ya ja na biyu, yanzu sawu ya zama biyu masu shiga wuri ɗaya, damar kama na uku ta ƙaru. Kafin dutse ya bushe tsagar hagu ta cika. Tun da sawu yana kwana, gobe ma can zai ja su, shi ya sa ake ganin tari a wuri ɗaya kwana da kwanaki, alhali idan aka yi musu alama sai a ga ba dodannin jiya ba ne duka.

Shiga tsagar kanta ba ta bukatar wayo. Tun 1927 Gottfried Fraenkel ya nuna a wani ƙaramin ɗan wannan dangi na Turai cewa yana hawa sama, yana gudun haske, amma idan yana kife a cikin ruwa, manne da rufin kogo, sai ya juya ya nufi haske. Waɗannan halaye su kaɗai sun isa su fitar da shi daga kogon da ke cikin ruwa, su hau da shi, su ajiye shi a tsagar da ke sama da ruwa.

Yanzu amfanin. Zafi dai gaskiya ne. A Hong Kong da rani dutsen saman gaɓa yana wuce digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, kuma Echinolittorina malaccana yana rayuwa a kai. Dabarunsa a bayyane suke, yara za su gan su da ido: ya manna leɓen ƙwaryarsa da ɗan busasshen yauƙi, ya janye ƙafarsa ciki don kada ta taɓa dutse, ya rufe murfi. Wani ya ɗaga ƙwaryar ta tsaya a kan leɓe, iska na ratsa ƙarƙashinta. Wasu su hau kan juna su yi bene, biyu, uku, yawanci ƙaramin a sama, kuma na saman ya fi na ƙasa sanyi don ya yi nesa da dutse.

Inda nake ja da baya shi ne maganar da ake yawan maimaitawa, wai taruwa tana hana su bushewa. Tana iya yiwuwa, musamman ga iri masu barin ƙafa a waje suna riƙe ɗan ruwa a tsakaninsu, kamar Nerita. Amma wanda ya rufe murfi ya manne, asarar ruwansa ta riga ta ragu ƙwarai, ko shi kaɗai ne ko cikin ɗari. Binciken da aka yi a wurare daban-daban bai zo da baki ɗaya ba, wani ya ga bambanci, wani bai gani ba. Kuma akwai tarko a awon kansa. Mafi yawan ruwan da dodo ke asara yana tafiya ne lokacin da yake rarrafe, ƙafa a waje, yana zuba yauƙi. Idan na cikin tari sun tsaya da wuri, shi kuwa na kaɗaici ya ci gaba da yawo har dutse ya bushe masa, za ki auna ki ga na tari sun fi ruwa, ki ce taruwa ce ta yi, alhali lokacin tsayawa ne. Sannan mafi yawan tari a tsaga suke, tsaga kuwa tana da inuwa da laima. Amfanin na tsaga ne ko na taro? Ba za a raba su ba sai an kwatanta tari a tsaga da na kaɗaici a tsaga, tari a fili da na kaɗaici a fili. Rukuni huɗu ke nan, ba biyu ba.

A ganina kada ki ba yara awon ruwan jiki. Yana bukatar sikeli mai karanta kashi ɗaya cikin dubu na giram, da kwalabe masu murfi da aka auna tun farko, da busar da naman a digiri 60 na kwana biyu, kuma sai an kashe dabbar. Awon zafi ya fi sauƙi: ma'aunin zafi irin na bindiga da aka yi ta amfani da shi lokacin korona ba ya yi sai yana da saitin awon abubuwa, ba na jikin mutum kaɗai ba, kuma a matso da shi sosai, in ba haka ba zafin dutsen zai karanta, ba na ƙwaryar ba.

Na_Ɗakin_Gwaji ya amsa:

Malama, ga abin da zan shawarta. Aiki biyu, ɗaya a gaɓa, ɗaya a aji.

Lokaci tukuna. Ruwa yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, don haka janyewar gobe za ta yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta yau. Ya fi janyewa nesa a kwanakin tsayuwar wata da na tsakiyarsa, wajen sha huɗu zuwa sha shida. A gaɓar Ghana tazarar cikowa da janyewa ba ta kai mita biyu ba, igiyar ruwa kuwa tana da ƙarfi, musamman da damina, don haka filin aikin siriri ne. A duba jadawalin ruwa na Takoradi, a isa awa ɗaya kafin ƙarshen janyewa, a sa babba ɗaya wanda ba shi da aiki sai kallon teku. Ba silifas.

A gaɓa: a haɗa firam murabba'i, santimita 25 kowane gefe, da siririn bututun roba ko waya. A ja igiya a kwance a tsayi ɗaya na dutsen, a ajiye firam a wuraren da aka fitar da ƙuri'a tun a aji, misali taku 3, taku 7, taku 8. Idan aka bar yara su zaɓa, inda dodanni suka fi yawa za su kai hannu, lissafi ya lalace tun daga tushe. Firam 20 aƙalla. A kowanne a rubuta jimilla, da nawa ne a tsaga, da nawa ne a tari. A tsayar da ma'anar tari kafin a fita: uku ko fiye da ƙwaryarsu ke taɓa juna, haka masu bincike da yawa ke ɗauka.

Don a nuna cunkoso da lamba: a fitar da matsakaici, a cire shi daga kowace lamba, a ninka abin da ya fito da kansa, a tara, a raba da adadin firam ban da ɗaya, sannan a raba da matsakaicin. Misali firam biyar sun ba da 0, 0, 2, 3, 45. Matsakaici 10, tarin ya zama 1,538, a raba da 4 a samu 384.5, a raba da 10 a samu kusan 38. Da sun ba da 9, 10, 10, 10, 11, matsakaicin dai 10 ne amma amsar 0.05. Kusa da 1 yana nufin watsuwa ta kara-zube, sama da 1 sosai cunkoso ne.

Alama kuma da jan farce, ɗigo ɗaya a bayan busasshiyar ƙwarya, nesa da baki da murfi. A yi shi dodon yana manne, kada a ɓamɓare shi, domin wanda aka cire aka mayar yakan yi yawon da ba nasa ba, ko igiyar farko ta tafi da shi. Tari ɗaya launi ɗaya. A dawo gobe a ga wurin ya sake cika, da kuma launin da ya cika shi.

A aji: gilashi mai faɗin santimita 30 zuwa 40, a kwance daidai. A gwada da ɗigon ruwa, idan ya gangara gefe a gyara, domin gangaren da ido ba ya gani dodo yana jin sa, kuma sama zai nufa. A rufe hasken taga, a bar haske daga sama kawai, ko a kewaye gilashin da farin kwali. A fesa ruwan teku kaɗan, ba ruwan famfo ba, shi yana sa su shige ƙwarya su ƙi fitowa. A ajiye dodo na farko a tsakiya, a bar shi ya kai baki ko ya yi minti 10. A bi hanyarsa da alƙalamin maka ta ƙarƙashin gilashi, a sa kibiya. A ɗauke shi a tsaye, kada a ja shi. A ajiye na biyu a mafarin, a bi nasa da wani launi. A shimfiɗa zare a kan kowane layi a auna shi da rula.

Lamba uku ake bukata: tsawon sawun farko, tsawon na biyu, da tsawon inda suka hau kan juna. A ninka biyun farko, a fitar da tushen murabba'i, a raba na uku da shi. Idan na farko 64 ne, na biyu 36, suka haɗu a santimita 24: 64 sau 36 ya ba da 2,304, tushensa 48, amsa 0.5. Sifili ba bi, 1 bi daga farko har ƙarshe.

Wannan lamba ita kaɗai ba ta ce komai ba, nan ne yawancin ayyukan ɗalibai ke faɗuwa. Dodo biyu da suka tashi daga wuri ɗaya dole hanyarsu ta haɗu kaɗan. Sai an yi gwajin kwatanci: a zana sawun na farko a ƙasa, a wanke saman gilashin tas, sannan a saki na biyu a auna haɗuwarsa da zanen. Bambancin wankakken gilashi da marar wanki shi ne aikin yauƙi. A yi kowanne sau 15 zuwa 20, kowane karo da sababbin dodanni.

Abubuwan da ke ɓata aikin: sabulun da bai ɗauraye ba, maiƙon yatsa a kan gilashi, maimaita dodo ɗaya har ya gaji, da ajiye su a rufaffen bokiti cike da ruwa. Na saman dutse a kwano mai laima ake ajiye su, a rufe da raga, in ba haka ba da safe a bango za a tsince su. Wanki kuwa soso da ruwan zafi, a goge da sifirit, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Idan ana son yara su ga sawun da idonsu, bayan an gama a zuba ruwan da aka dama da lallausan garin gawayi, a ɗauraye a hankali, garin zai manne a yauƙin ya fito baƙi. Bayan an gama, na ce, don gawayin yana ɓata sawun.

Malamar_Zango ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Saura biyu. Mai bin sawu yana gane inda na farko ya nufa, ko duk ɓangaren da ya samu yake bi? Sannan ina tunanin mu goge dutsen da ke kewaye da wasu tarin da buroshi, mu ga ko za su sake taruwa gobe. Zai yi?

Ɗan_Gaɓa ya amsa:

Wasu iri suna ganewa. An nuna haka a Littoraria irrorata na fadamun gishiri na kudu maso gabashin Amurka, da wasu da dama: sun fi bin sabon sawu ta inda mai shi ya nufa. Gwajin da aka ba ki a sama ba zai nuna wannan ba, tun da an ajiye na biyu a mafari, gaba kaɗai gare shi. Sai a ajiye shi a gefen tsakiyar sawun, santimita biyu ko uku daga layin, yana fuskantarsa a gicciye, a rubuta ɓangaren da ya juya. Kafin a sake shi a juya gilashin, wani karo rabin zagaye, wani karo a bar shi yadda yake, bisa ƙuri'a. Idan ba a juya ba, abin da ya ja na farko ya nufi ƙofa, haske ne ko gangare, shi zai ja na biyu, a ɗauka karatun sawu ne. Wanda ya tsallake layin bai bi ba a rubuta shi daban. Cikin 20 da suka bi, sai an samu 15 ko fiye a ɓangare ɗaya kafin a ce ba sa'a ba ce, 12 da 8 ba komai ba ne. A yi shi sawu yana sabo, cikin 'yan mintoci.

Idan za a shigar da jinsi, namijin Littorinidae yana da al'aura a gefen dama, bayan ƙahon dama, ana ganin ta da gilashin ƙara girma idan ya miƙo jiki. A rubuta jinsin na farko da na biyu a kowane karo, don namiji a kan sawun mace yana iya ɗaga lambar gaba ɗaya.

Mai_Sikeli ta ƙara da cewa:

Buroshi zai yi, amma ki sani ba yauƙi kaɗai yake cirewa ba, har da gansakukar da suke ci. Idan suka ƙaurace wa wurin, ba za ki iya cewa sawu suka rasa ko abinci ba, sai dai ki ce an goge dutse sun ragu. Ki raba tarin gida uku, aƙalla biyar a kowanne, bisa ƙuri'a: waɗanda aka goge kewayensu tazarar santimita 30 da buroshi mai tauri da ruwan teku, waɗanda aka zuba wa ruwa daidai wannan adadi ba a goge ba, da waɗanda ba a taɓa ba. Rukunin tsakiya shi ne zai nuna ko jiƙawar ce kawai ta tashe su. A ƙirga kafin a fara, a ƙirga a janyewar gobe da ta jibi, a sa tazarar mita ɗaya ko fiye tsakanin wuraren don kada waɗanda suka bar nan su je su cika can. Waɗanda aka kai aji kuma a mayar da su tsayin da aka ɗauko su, a cikin tsaga mai laima, lokacin da ruwa ke janyewa, don su samu awannin mannewa kafin igiya ta dawo.